Shekarar da Mijin Gwaggo Ya Shiga Jima

Ranar kasuwar Dungas da ta wuce na tarar da wata tsohuwa ta baza bagaruwa a faifai. Na ɗauki ɗaya na murza, na kai hanci. Sai ga ni a bayan gidan kakana, a ƙauyenmu da ke kusa da Kwaya, ina ƴar shekara tara.

Kaka majemi ne. Wurin aikinsa na bayan gari, inda iska ke kwashe warin ta yi daji da shi. Kwatarniya uku ya binne a ƙasa: ta ruwan toka, inda fata ke jiƙa har gashi ya saki, ta kashin tattabara mai sa ta laushi, sai ta bagaruwa. In ba ka taɓa tsayawa kan ta biyun da rana tsaka ba, ba zan iya kwatanta maka warinta ba. Hannuwan Kaka sun rine, farcensa baƙi ƙirin, kuma Iya, matarsa, ba ta barinsa ya hau tabarmarta sai ya yi wanka.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne ladan aikin. Mijin gwaggona ƙwadago yake yi a gonakin mutane, tun sassafe har la'asar rana na dukansa. Amma abin da yake samu a kwana uku, Kaka na samunsa a fatar akuya biyu, kuma a zaune, a inuwar tsamiya.

Wata rana na ce, "Kaka, wa ya fi shan wahala, kai ko mijin Gwaggo?"

"Shi," in ji shi.

"To me ya sa aka fi biyanka?"

Ya yi dariya. "Amarya, jeki ki tambayi masu biyan."

A wannan shekarar, ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba. Bayan girbi maza suka fara ɗaure kaya za su ci-rani. Mijin Gwaggo ya zo ya durƙusa gaban Kaka ya ce, "Baba, koya mini. Ba na son in tafi in bar yara rumbu ba komai." Kaka ya miƙa masa wuƙar kankare fata.

Makon farko mijin Gwaggo ko tuwo ba ya iya ci saboda wari. Ya bar fata biyu a toka har suka ruɓe. Amma kafin sanyi ya wuce hannunsa ya faɗa, har dukawan garin Waca, masu ɗinkin takalma da jakunkuna, suka fara tambayar fatarsa. Gidan Gwaggo aka koma ɗora tukunya safe da yamma. Ni kuwa na ce a raina, ashe abin ba wuya, mutane ne ba su gane ba.

Sai aka yi wani suna a unguwarsu. Kashegari ya zo ya ajiye wuƙar a gaban Kaka, ya yi godiya. Kwana uku bayan nan ya hau mota zuwa Kano, ya yi ta tura kurar ruwa har damina, kan abin da bai kai rabin na jima ba.

Na tambayi Kaka ko warin ne ya kore shi.

"Ya iya da warin, na gani," in ji shi. "Kuɗin nan da kike tambaya, rabi na fata ne. Rabin kuma na cin tuwo ni kaɗai."

Ban gane ba sai da na girma, Gwaggo ta ba ni labari. A wurin sunan, ya zauna da sa'o'insa, waɗanda suka tashi tare, ya sa hannu a kwano. Ɗaya bayan ɗaya suka ce sun ƙoshi. Ba wanda ya faɗi baƙar magana. "Kuma ranar sau uku ya yi wanka," in ji Gwaggo, "da sabulun da na saya don salla."

Yau ba majemi ko ɗaya a ƙauyenmu. Ɗanyar fata ake lodawa a mota a ƙetare iyaka da ita, guga da takalma duk sun koma na roba. Ni ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, albashin bai taka kara ya karya ba, amma ko'ina na bi gaishe ni ake yi, kuma na san wannan ma cikin ladan yake.

Bara ɗana ya samu aiki biyu: tsaron shago a nan Dungas, da haƙar zinariya can arewa. Ya ce, "Mama, dubi bambancin kuɗin." Na ce na gani, amma ya fara bincika me suke saye a wurinsa ban da ƙarfinsa. Ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya tafi arewa. Duk Juma'a yana kirana, ya tambayi lafiyar kowa. In na ce yaya aikin, sai ya ce, "Mama, da godiya," ya koma zancen damina.