Gwangwanin Madara a Bakin Gada

Ko yanzu da tsufa ya sa nake neman tabarau alhali yana bisa hancina, akwai wuni ɗaya da ba zai taɓa goguwa a raina ba. Shi ne ranar da gwangwanin madara, fanko, wanda ko akuya ba za ta sunsuna ba, ya kusa raba ni da 'yata.

Lokacin ina sayar da shayi a Omdurman, gindin wata darbejiya mai kallon kogi, ba nisa da tsohuwar gada. Mu Hausawa ne, 'ya'yan yankin Jazira, iyayenmu sun ƙarar da ƙarfinsu a gonakin auduga, mu kuma muka gangaro birni neman abin kai wa bakin salati. Farkon mulkin soja ne, zamanin da sai mutum ya duba hagu da dama kafin ya ce sukari ya yi tsada. Doka kuwa kowa ya san ta ko ba a karanta masa ba: ba a ɗaukar hoton gada, ba a ɗaukar na bariki, kai, ko ƙura musu ido ba a yi. Kuma kowa ya san akwai wasu gidaje na 'yan tsaro da in an shiga da mutum, sai dai danginsa su yi ta yawo ofis-ofis ana ce musu ba a san da shi ba.

'Yata ta biyu shekararta goma a lokacin, siririya, ga idanu, ga tambayar tsiya. Me ya sa ruwan kogin nan ya fi na wancan haske? In an kashe fitila ina wutar take tafiya? Da babanta ya gaji, shi magini ne a Khartoum, sai ya tsaya wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a kasuwar Suk al-Arabi, ya sayo mata wani littafin kimiyya na yara da Larabci, bango ya cire, ciki fal da hotuna. Wai don mu huta. Ashe ƙara wa Barno dawaki ya yi. Gishirina ya ƙare a gwajin ƙwai mai iyo a ruwa, allurata ta ɓace, madubina ya koma abin haska bango. Na yi faɗa har na gaji.

Ranar da abin ya faru makaranta na hutu, na tafi da ita ta taya ni wanke kofuna. Bayan azahar ciniki ya ja baya, sai mutum uku a kan kujeru 'yan tsugunne suna kurɓa a hankali. Ta ɗauki gwangwanin madarar da na juye da safe, ta huda gindinsa da ƙusa, ta rufe bakin da wata farar takarda mai maiƙo, ta ɗaure da roba. Sannan ta lulluɓe kanta da gwangwanin cikin baƙin mayafina, gindin kawai ya leƙo waje. Can na ji ta tana kira, wai Yumma, haka ake kiran uwa a can, in zo in ga motoci na tafiya a kife. Na ce ta rabu da ni da shirmenta, ina fifita gawayi. Wallahi ko ɗaga kai ban yi ba balle in ga inda ta saita shi. Ashe gada ta saita, tsaf.

Abin da na fara lura da shi shi ne masu shan shayina sun watse. Ɗaya ya bar kofinsa cike yana tururi. Da na waiga sai ga farar mota a-kori-kura, ba lamba, ta tsaya dab da mu, mutum biyu cikin kayan gida sun sauko. Ɗaya ya fizge mayafin daga kan yarinyar, ɗayan ya damƙe gwangwanin da hannu biyu kamar zai fashe. Suka tsinci littafin a kan tabarma. Ba wanda ya tambaye ni komai. Aka ce mu hau, muka hau. Na bar wuta na ci, buta na tafasa, wata mai gyaɗa da ke kusa da ni ta sunkuyar da kai tana gyara tirenta.

A mota na ce mata da Hausa kada ta ji tsoro, ina nan. Na kusa da mu ya daka mini tsawa, ya ce ba a yi musu yare a nan, Larabci ko shiru. Na jawo ta jikina. Hannunta a cikin nawa sanyi ƙalau, a wannan zafin na Omdurman.

Gidan da suka kai mu gida ne kamar na kowa, dogon bango, ƙofar ƙarfe, har da dabino a tsakar gida. Wannan ne ma ya fi tsinka mini zuciya, don na gane irin gidajen da ake faɗa ne. Aka tura mu wani ɗaki mara taga, ƙwan lantarki ɗaya yana ja-ja. Wani babbansu mai gashin baki yana zaune bayan tebur. Ya jijjiga gwangwanin a kunne, ya leƙa, ya tambayi ina fim ɗin. Na ce ba fim, Janabu, wasan yara ne, na madara ne, ni na juye shi da hannuna. Haka muke kiran manyan soja, Janabu, kuma ranar na faɗe ta ta fi cikin kwando. Ya ce in wasa ne me ake gani a ciki? Na ce wai motoci a kife. Ya kanga a ido, ya juya shi nan, ya juya can. Duhu kawai. Ya ce ƙarya nake yi.

Sai ya buɗe littafin. Shafin da yarinyar ta naɗe yana da zanen akwati da layuka sun gitta juna, da kibiyoyi. A gefen shafin kuwa, da fensirinta, ta zana gadar nan a kife, har da motoci. Ya daɗe yana kallo. Ya juyo gare ta ya tambayi wa ya aiko ta, wa zai karɓi zanen. Yarinyar da ba ta iya rufe baki ko tana cin abinci, ranar ko harafi ya kasa fitowa. Ina kallo fitsari ya gangaro mata har cikin takalmi.

Nan ya yanke hukunci. Ya ce ni in tafi in zo da ubanta, ita ta zauna sai gobe, in mai duba na'urori ya zo.

Jama'a, na haihu, na binne iyaye, na ga ambaliya ta cinye mana ɗaki, amma ban san tsoro ba sai lokacin. 'Ya mace, shekara goma, ta kwana ita kaɗai a gidan nan? In kuma na kawo uban, na kawo musu shi ke nan da ƙafata. Na zube ƙasa, na ɗaure bakin lafayata a wuyan hannunta, na ce, “Janabu, ka harbe ni a nan ya fi mini sauƙi. Ba inda zan je in bar ta.” Ya yi tsaki ya fita, aka ja ƙofa.

Da muka rage mu biyu sai ta matso kunnena. Da ƙyar na ji abin da ta ce: “Yumma, sai da rana yake yi. A ɗaki ba ya nuna komai.”

Kun ji inda matsalar take. Gaskiyarmu tana waje, a jikin rana, ranar kuwa tafiya take. An daɗe da kiran la'asar. Ba abin da nake gani sai siririn haske a ƙarƙashin ƙofa, na kafa masa ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da fari ne tas, ya koma ruwan ɗorawa, ya fara ja. Na buga ƙofa har hannuna ya yi tsami, mai gadi ya ce Janabu na waya. Na sake bugawa, ya ce Janabu na shan shayi. Shayi! Ni da nake dafa wa rabin Omdurman shayi, ga shi kofi ɗaya zai ja wa 'yata kwana a nan.

Da ya dawo ban bari ya zauna ba. Na roƙe shi don Allah, don nonon da ya sha, don 'ya'yansa in yana da su, ya fita da gwangwanin tsakar gida ya duba sau ɗaya. In bai ga komai ba, ya yi da mu yadda ya ga dama. Ban san abin da ya taɓa shi ba, ko gajiya da bakina ne. Ya ce mu fito.

Rana ta riga ta sauka kan bango, saura kamar tafin hannu. Yarinyar ta karɓi gwangwanin, ta juya gindinsa yamma, ta ce sai an rufe kai. Janabu ya ce shi ba zai sa mayafin mace ba. Ya kira wani kurtu, aka lulluɓe shi, bindiga a kafaɗa. Ni dai ina kallon rana tana nutsewa. Can sai murya ta fito daga cikin mayafin: “Janabu, ga dabino a kife. Ga mai gadi a kan bango yana lilo kamar jemage.”

Janabu ya fizge, ya manta da maganar mayafin mace, ya rufe kansa. Ya jima a ciki. Na zaci zai yi dariya in ya fito, amma ko murmushi. Ya yar da gwangwanin, ya take shi da takalmi har ya baje, ya jefa littafin cikin ɗaki. Ya ce in ya ƙara ganin ta kusa da gada, ba ni ba har wanda ya haife ni sai ya zo. Ana kiran magariba aka buɗe mana ƙofar ƙarfe. Na goya ta, ƙatuwa da ita, na yi ta tafiya ban waiga ba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Yarinyar nan ta yi shiru. Ta ci abinci, ta je makaranta, ta dawo ta zauna a lungu. In ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta shige ƙarƙashin gado. Maƙwabta na cewa ta yi hankali, ni kuwa na san ba hankali ba ne. Na fito da jikinta daga gidan nan, amma wani abu nata yana can an take shi. Har damina ta wuce ba ta tambaye ni komai ba.

Wata Juma'a na juye madara a kwano, na ajiye mata gwangwanin da ƙusa da takarda, na ce ta yi mini irin wancan, ina so in gani da idona. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar. Da ta gama ta share hanci ta huda shi. Na shiga mayafi a tsakar gidanmu, sai ga babanta ya shigo daga masallaci, kai a ƙasa, ƙafafu a sama, jallabiya ko zamewa ba ta yi ba. Na ce ikon Allah, yaya aka yi haka? Ta fara yi mini bayani a hankali, sannan da sauri, har tana haɗa Hausa da Larabci. Ban gane ko rabi ba, amma ban katse ta ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mai bindiga ma tsoro yake ji, shi ya sa gwangwani ke zame masa makami. Ba ni da ikon hana shi tsorata ni a kan titi, amma ni ke da ikon hana tsoronsa shigowa gidana ya rufe wa ɗana baki. In yaronki ya dame ki da tambaya, ki gode wa Allah. Ni na ji yadda gida yake in ya daina.