Tambulan ɗin da ya yi yana

Ranar da Baba ya shigo da tambulan shida cikin kwali, an cusa musu ciyawa kada su fashe, gidanmu na Sheshe sai da ya koma kasuwa. Lokacin Turawa suna nan, mu kuwa ƙwarya da kwanon sha muka sani. Abin da za ka zuba ruwa a ciki kuma ka ga ruwan daga gefe! Matan maƙwabta suka yi ta shigowa wai gaisuwa, alhali kallo ya kawo su. Ni, da shekaruna goma sha uku, na wuni ina kara ɗaya a ido ina dariyar hancin mutane.

Kakata ta wajen uba, Babarbariya ce mai ɗinkin hula, ita ta fara ware nata. Ba don shan ruwa ba. Mahaifiyarta yanar ido ce ta makantar da ita tun a Borno, saboda haka duk duniya babu abin da Kaka take tsoro kamar wannan. Idonta shi ne sana'arta, shi ne kuma abin faɗin ranta. Kullum da hantsi sai ta ɗaga tambulan ta hangi dabinon maƙwabta ta cikinsa, ta ƙirga ganye, ta ce, "Ƙalau nake. Ku da yarintarku ma ban ga kun fi ni ba."

Wanke-wanke aikina ne, kuma na ɗauki tambulan ɗin nan da girma. Sau biyu nake wanke su a rana da ruwan rijiyarmu, in kife su a rana su bushe. Kafin wata biyu sai na ga sun fara dishi-dishi. Na ƙara wankewa, suka ƙara yin fari. Na ja bakina na yi shiru, na tabbata hannuna ne ya lalata kayan mutane.

Ashe ba ni kaɗai ba ce mai laifi a ɓoye. Inna ta taɓa zuba kunu mai zafi a cikinsu, ta ɗauka ita ta dafa su. Baba kuwa ya yanke cewa mai kantin ne ya sayar masa da na banza, kuma ba zai yarda a ce an cuce shi ba. Kowa ya ga hazon nan, kowa ya kau da kai. Idan baƙo ya zo sai mu yi maza mu cika tambulan da ruwa, don idan ya jiƙe yakan yi garau na ɗan lokaci.

Kaka dai ba ta daina duba dabinonta ba, ƙirgar ce ta daina. Ta shiga ɗura tozali har sai hawaye baƙi ya zubo. Hular da take yi ta kwana bakwai allura na soke a wuri ɗaya.

Ranar wata Juma'a, ƙanwar Baba da muke kira Gwaggo ta zo daga Gwammaja, sai Kaka ta sa aka tara mu a tsakar gida. Ta zauna a kan buzu, ta gyara lulluɓi kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Abin da ya ci uwata ya iso ni," in ji ta. "Wata guda ke nan ina duba wannan abin, kullum duhu ƙaruwa yake. Kada wanda ya yi mini kuka."

Wallahi na so in daure. Dariya ce ta ƙwace mini ta hanci.

"Ke, 'yar nan, makantar tawa ce abin dariya?"

"Kaka, ai mu ma haka muke ganinsa! Ni na ɓata shi da wanki."

"Ke ce? A'a, ni ce, da kunu," in ji Inna.

Baba ya yi gyaran murya ya ce shi dama tun farko bai yarda da mai kantin nan ba. Kaka ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi wata ashar da Barbarci, ta tashi tsaye tana juyi da tambulan a ka. Inna ta rangaɗa guɗa. Ni ina ƙasa ina riƙe da ciki.

Gwaggo ce ta dawo da mu hayyacinmu. Ta ɗebo ruwan rijiya ta kurɓa ta tofar, sannan ta dube ni. "Ku da ruwanku na zartsi! Leƙa cikin butar gidan nan ki ga farin da ya kama. Idan ruwan ya bushe a rana, gishirinsa ba ya tafiya, nan yake zama. Ƙwarya da kwano su ma suna yi, rufa muku asiri suke. Wannan kuwa ba ya rufa wa kowa. Da kin goga masa yashi da shi ke nan har abada, amma wannan farin, tsami yana cinye shi. Jiƙo mini tsamiya."

Na jiƙa tsamiya a akushi, muka tsoma su, muka zagaye su kamar masu jiran nama ya nuna. Bayan la'asar Gwaggo ta ɗauraye na Kaka da ruwan famfo da ta sa aka sayo, ta goge da tsumma nan take. Ya fito yana ƙyalli, ya fi ranar da aka kawo shi. Na kara a ido, har tantabarar da ke kan dabino sai da na ga jan ƙafarta.

"Ba ni nan," in ji Kaka, tana dariya tana haki.

Ta ɗaga shi. Ta matso da shi, ta nisanta. Ta goge da bakin zanenta ta sake ɗagawa. Muna ta jiran ta fara ƙirga.

"An dai rage," ta ce. "Amma da saura. A ƙara tsamiyar."

Na buɗe baki, Inna ta matse mini hannu har sai da na ji zafi. Baba ya sunkuyar da kai.

"To, Kaka," na ce. Na karɓi tambulan ɗin, tas da shi, na mayar cikin akushi.