Gajerun Dawakin Kakana

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta jiƙa wa ragonta dusa da ruwan kanwa, iska ta ƙetaro katanga da warin. Ina tsakiyar tankaɗe na ajiye rariya. Kai mai karatu, in ba ka tashi a gidan da ake ɗaure doki ba, za ka ce wari ne kawai. Ni kuwa sai ga ni a gidanmu na Tsafe, ina 'yar ƙarama, kakana yana ƙwala mini kira in kawo ƙwarya.

Kakana mai dawakin rawa ne. In ana biki, ko saukar karatu, ko an yi baje kolin dabbobi da amfanin gona a Gusau, shi ake aiko wa. Tun da safe zai wanke doki, ya tsefe masa geza da wutsiya, ya ɗora masa sirdi mai ado. Mai kalangu na bugawa doki na sauke ƙafa a kan kiɗan, ya ja da baya, ya juya, a ƙarshe ya durƙusa ya gai da manya. Dawakinsa duk jini ɗaya ne da ya gada wurin mahaifinsa: gajeru, jajaye, masu faɗin ƙirji. Yakan ce dogon doki yana da kyan tsayuwa, amma kafin kiɗa ya sauka har ƙafarsa makaɗi ya wuce wurin.

Ba ya sayar da goɗiya. In ta yi masa yawa sai ya ba wanda ya yarda da shi, bisa sharaɗin kada a kai ta ga baƙon doki. Yana sharar barga yana lissafa su kamar mai zancen 'ya'yansa da suka yi aure: wance tana Kucheri, 'yarta ta tafi Mada, wancan yana ruga. Ni dai boko ban yi nisa ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Ina zaune a kan turmi ina ji, ban san ajiya nake yi ba.

To, a 'yan shekarun da Gusau ta zama babban birnin jiha, sai sababbin masu hali suka fara kawo dogayen dawakai daga gabas. Idon mutane ya koma can. Aike ya ragu. A wani biki a Bungudu wani saurayi ya ɗaga murya ya ce, "Baba, wannan doki ne ko jaki ya sha kwalliya?" Aka kwashe da dariya. Kakana bai ko waiwaya ba, amma babana, wanda yake tuƙin mota a tashar Gusau, maganar ta zauna masa a rai. A daminar shekarar kuma ciwon ciki ya kashe ingarman gidan. Turke ɗaya ya rage da dabba, wata tsohuwar goɗiya da kowa ya san haihuwa ɗaya ta rage mata. Abin da ta haifa shi ne zai zama jinin gidan, ko kuma ya zama ƙarshensa.

Wata safiya babana ya durƙusa gaban kakana a gindin darbejiya.

"Baba, zamani ya juya. Wa ka kiran gajeren doki yanzu? Alhajin nan na Gusau ya ce a kai goɗiyar ga dogon dokinai, ba ya son komi."

"Ka yi mashi godiya. Ka ce ta yi miji."

"Wane miji kuma?"

"Na bayan 'Yandoto, wanda na ba Bafillacen nan. Jininmu ne."

"Baba, da wagga gwiwa taka?"

"Gwiwar ce za ta haihu?"

Babana ya tashi ya kama hanyar tasha. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ka gane. So yake a daina yi wa ubansa dariya a bainar jama'a, a kuma ci gaba da aiko wa gidan.

Ana gama girbin gero kakana ya kama ragama. Goɗiyar ta tsufa da hawa, ba ta kuma taɓa shiga mota ba, don haka a ƙasa ya ja ta. Idonsa ya riga ya fara hazo. Na raka shi har bakin gari, karan gero na ƙara a ƙarƙashin ƙafarmu, ƙanshin gyaɗar da aka tuge ya cika hanya. Ya ce, "Amarya, koma gida ki tsare min turke, kar wani ya aure ki kafin in dawo." Da ya dawo ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Babana ya ɗauko man kaɗanya ya zauna yana murza masa. Tun daga wannan tafiya kakana bai sake fita da nisa ba.

Goɗiyar ta haifi mace. Lokacin idonsa ya tafi gaba ɗaya, sai aka riƙo hannunsa zuwa barga. Ya shafa ta daga kafaɗa zuwa kofato, yana aunawa da tafin hannu, ya yi wata dariya da har yau nake ji. Bai kai ga sa mata linzami ba Allah ya karɓi abinsa. Babana ba shi da lokacin kiwo, amma bai sayar ba. Ya kai wa Bafillacen nan ita, yadda tsarin gidan yake. Daga baya shekarun tashin hankali suka zo, rugage suka watse, labarinta ya ɓace mana.

Yanzu ina aure a Gusau, kuma ni mace ce mai son ɗakinta, ko kasuwa sai dole. Da ɗana ya saya mini babbar waya, sai na ce ya buɗe mini zaure a ciki, na masu son gajerun dawakin ƙasarmu. Rubutu na ba ni wuya, don haka da murya nake komai. Da dangi muka fara. Yau akwai masu dawakai, da tsofaffin makaɗa, da yara masu karatun likitan dabbobi, ana musu har sai na tsawatar. Ni aikina in zauna in yi ta zayyano wace goɗiya ta tafi ina.

A haka wani dattijo daga Mada ya turo murya. Ya ce goɗiyarsa jikar wata ce da wani makiyayi daga bayan 'Yandoto ya bar masa amana da zai yi ƙaura, kuma yana shirin kai ta ga dogon doki. Na gane jinin gidanmu ce, na yi ta roƙonsa ya fasa har wayar ta yi zafi a hannuna. Wani saurayi a Bungudu, mai ingarma daga jinin Kucheri, ya ce shi zai kai nasa har gida. Mutanen nan biyu da ba su taɓa sanin juna ba. Hanyar da tsoho ya bi da ƙafa yau ba kowa ke iya binta ba, amma murya tana wucewa, ni kuwa ko mayafi ban ɗauka ba.

A daminar bana goɗiyar dattijon ta haihu. Suka turo hoto mai motsi, na sa ɗana ya kai ni gidan yayana inda babana yake zaune yanzu, ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi. Na miƙa masa wayar. Ya kalla, ya ce a sake masa, ya sake kallo.

"Gajere na?"

"Gajere ne, Baba."

Ya miƙo mini wayar. Sannan ya goge ido da bakin rigarsa ya ce, "To ki gaya masu su bar shi hakanan."