Zaren da Laddan Miyan Ya Ɗaura wa Motiya

Laddan Miyan mai turare ne a tsohuwar kasuwar Laknau, a wani ɗan shago da ya gada, wanda in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo titi. Gajere ne, mai ɗan tumbi, gemunsa ya sha lalle. Abu biyu ya sa a gaba tun yana saurayi, kuma turare ba ya cikinsu: tsofaffin waƙoƙin soyayya da tattabaru.

In ka je sayen turaren wardi, sai ya shafa maka a bayan hannu, ya riƙe hannun, ya karanto maka baiti. Ba zai sake ka ba sai ya yi sharhi. Masoyin gaskiya, in ji shi, ba ɗan kasuwa ba ne, in ya ba da zuciya ya bayar ke nan. "Ka taɓa jin ƙwaron fitila ya ce wa fitila ta biyo shi gida? Ƙonewa tasa, haske nata. Mawaƙan dā ba su ce a riƙe abin so ba, ranka ya daɗe, cewa suka yi a so shi." A majalisar waƙa kuwa shi ne mai fara ihun yabo na "Wah! Wah!" tun mai karatu bai dire baitin ba.

Da la'asar sai ya rufe shago ya hau saman soro. A al'adar unguwar, kowa kan tashi garken tattabarunsa, garkuna su cakuɗe a sama, sannan kowa ya yi fito ya kaɗa gora ya kira nasa. Wadda ta ruɗe ta sauka a soron wani ta zama tasa, sai fa in akwai sulhu tsakaninsu. Tsakanin Laddan da Cuttan mai gasa nama, abokinsa tun na ƙuruciya, sulhu ne, ko da yake bakinsu bai taɓa sanin haka ba.

A garken Laddan akwai wata fara sol mai baƙin ɗigo a wuya, sunanta Motiya. Uwarta ta guje ta tun tana tsirara, shi ya rene ta, yana tauna gero yana ɗura mata. In ya yi fito, a kafaɗarsa take sauka.

Wata la'asar ya yi fito, garke ya sauko, kafaɗa ba kowa.

Bai gama ƙirga na ƙasa ba sai ga Cuttan a bakin matakala, yana haki, da Motiya cikin hularsa.

"Salamu alaikum, sarkin masoya! Ga 'yarka, ta zo yi mana yini."

"Iska ce ta kwashe ta."

"Iskar nan toka-toka ce, mai ƙafa da gashi, ido ɗaya ma ba ya gani sosai. Wani namiji ne a garkena, wallahi ni kaina ban san me ta gani a jikinsa ba. Amma ai Begum ma ta aure ka."

Laddan ya yi abin da kowane mai tattabaru ke yi. Ya ɗauko zare ya ɗaure mata gashin fiffike, don ta zauna ta sake sabawa da gida. Ta zauna ɗin. Sai dai a gefen katanga, ta ba garke baya, ta zuba wa soron Cuttan ido. Da ya ga kamar ta manta, ya kwance zaren. Ko zagaye ɗaya ba ta yi da 'yan'uwanta ba, ta miƙe sambal.

Cuttan ya sake dawo da ita. Wannan karon bai yi zolaya ba, kuma hakan ya fi yi wa Laddan ciwo. Ya sake ɗaure ta.

Daga nan zama ya gagare shi. Ya buɗe shago, ya rufe, ya koma gida ya leƙa soro, ya dawo ya buɗe. Wani ango ya zo neman turaren biki, ya zuba masa wanda ake shafa wa mamaci. Motiya ta daina cin gero, ya kawo mata alkama, ta ƙi. Ya jiƙa mata wake da ruwan wardi, ta dube shi kamar mai bin ta bashi. Da ya je majalisar waƙa aka karanto baitin da ya fi so, na masoyin da ya buɗe keji da hannunsa, jama'a suka juyo suna jiran "Wah!" ɗinsa. Sai ya yi tari, ya ce hayaƙin taba ne, ya nemi takalmansa.

Matarsa, Kaisar Begum, ta gaji da jin ƙafarsa a matakala. Ta hau ta same shi tsugune gaban tsuntsuwar, ta miƙa masa almakashin ɗinkinta.

"Baban Shahida, ungo. Yanke gashin gaba ɗaya, kowa haka yake yi. Kafin ya sake tsirowa wancan mai ido ɗayan ya yi wata budurwar. Ka bar ni in dafa abinci ba a zirga-zirga a kaina."

"In na yanke ai ba za ta ƙara tashi bana ba."

"To me? Za ta zauna a gabanka, ka yi ta kallo."

"Ta zauna tana kallon can."

"Af, ashe ka sani! Ni tun ina amarya kake karanta mini ƙwaro da fitila, har miya ta sha ƙonewa. Na ɗauka don masu sayen turare ne kawai."

"Begum, waƙa daban, Motiya daban."

"Haka ne. Waƙa ba ta ramewa."

Ta ajiye almakashin ta sauka abinta.

Laddan ya ɗauki Motiya. Ta yi sauƙi a hannu, ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa. Ya buɗe fiffiken, ya auna inda ake yankewa. Ya tashi ya je bakin katanga, ya dawo, ya sake komawa. Ya so ya tuno baiti ɗaya ya dafa masa, duk ɗimbin da ya haddace babu wanda ya zo. Sai ya zura bakin almakashi a ƙarƙashin zaren ya datse.

Ya yi zaton za ta ɗan tsaya a hannunsa, ko don kunya. Ba ta tsaya ba.

Can soro uku gaba, Cuttan ya ɗaga kai, ya ɗaga hula. "In kawo ta?"

"Bar ta!" Laddan ya ƙara ɗaga murya. "Bar ta, na ce! Kuma ka ji, ɓarawo, ba ta shan ruwan da ya kwana!"

"Na ji, suruki!"

"Ba ta son kwana a kejin ƙasa! Kuma wannan magen taku..."

"Miyan, in haka ne ka tattaro shimfiɗarka ka tare tare da ita mana!"

Har yanzu Laddan yana sayar da turare, kuma har yanzu da la'asar yana hawa soro. Fitonsa ne dai ya canza: ya kan yi na kiran garke, su sauko, sannan ya ƙara wani ɗan gajere da ba na kowa ba a cikinsu. Maƙwabta sun san na waye. Begum ta ce a ƙyale shi, tunda abincinsa yake ci.