Hannun Bitrus da Ƙafar Rahila

Duk wanda ya taɓa karyewa a tungayen bakin tafki na ƙasar Ngaski ya san gidan Bitrus maɗori a Tungar Gawo. Ana shigo da ƙato ranga-ranga a kan tabarma yana kiran Innarsa, bayan 'yan makonni ka gan shi ya fito da ƙafarsa yana yi wa mutane fankama. Sai dai baƙon da ya daɗe a gidan yakan lura da abu guda. Matar da ke kawo wa majinyata ruwa da kunu ɗingishi take yi, ƙafarta ta hagu ta lanƙwashe daga ƙwauri. Rahila ke nan, matar maɗorin. Mai kunya yakan kau da kai, marar kunya ya tambaya, kuma Bitrus bai taɓa ba kowa amsa ba.

Sunan Bitrus na fari Anaruwa, ubansa ya raɗa masa, don cikin marka aka haife shi. Uban, tsoho Nomau, Bakambare ne da bai taɓa sa ƙafa a masallaci ko coci ba, kuma shi ne maɗorin yankin tun kafin ruwan Kainji ya cinye tsohon garinsu. Ɗorin Nomau yana da ƙa'ida. Dangin mai karaya su zo da kaza. In ƙafar dama ce ta karye, ya karya wa kazar ƙafar dama, ya ɗaura wa mutum karare, ya ɗaura wa kaza tsinke, ya yi 'yan surkullensa, ya zuba giya a gindin gawo. Ran da kaza ta taka, ran nan ake kwance mai karaya. Mutane sun yarda da kazar nan fiye da yadda suka yarda da Nomau.

Da tsufa ya kama Nomau, hannunsa ya soma rawa, sai aikin ya rabu biyu. Anaruwa ne ke bin ƙashi da yatsu, ya lalubo inda ya goce, ya ja, ya mayar, ya shafa man kaɗe, ya ɗaure. Tsoho kuma ya riƙe kaza da surkulle. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har wasu na cewa ɗan ya fi uban sanyin hannu. Amma shi gogan naka ko sau ɗaya bai taɓa zama ya tambayi kansa ba, shin hannu ne ke aikin ko kaza.

Wani mai bishara, Malam Philip, shi ya kawo wa'azi tungar. Anaruwa ya ji, ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma a bakin tafki ya zama Bitrus. Ba a jima ba ya auri Rahila, doguwar mace mai dariya da ƙarfi, wadda ke jan rawa a Zumuntar Mata ta coci. In aka buga tulun kiɗa ranar Lahadi ta shiga fili, har matan Musulmi sukan leƙo ta katanga. Da Nomau ya rasu, Bitrus ya tattara layu da ƙwaryar giya da jakar surkulle, ya tuƙa kwalekwale zuwa tsakiyar ruwa ya watsar. Wannan kam ya kyauta. Abin da ya ɓata shi ne, a hanyar dawowa ya ɗaga hannuwansa biyu ya yi wa Allah alkawarin da Allah bai roƙe shi ba: ba zai sake taɓa ƙashin mutum ba har Almasihu ya dawo. Bai shawarci kowa ba, har Malam Philip ɗin.

Gaskiya ne, Bitrus na jiran dawowar nan da zuciya ɗaya. In hadari ya haɗo daga gabas yakan ajiye fartanya ya tsaya kallo. Samarin tunga suka sa masa suna Bitrus Ƙaho, in ya gifta su ce, "Baba, an busa?" Shi kuma ya ce, "Za a busa, ku dai ku shirya." Ba ya shan giya, ba ya cin haƙƙin kowa, albasarsa ba ya cusa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu. Maganarsa kullum guda ce, da hannu mai tsabta yake so a iske shi.

Shekarar da aka yanke jihar Kabi daga Sakkwato, babura suka cika hanyar Wara, kowane saurayi ya zama ɗan kabu-kabu. Inda babur ya yawaita kuwa karaya ba ta ƙaranci. Mutane suka riƙa zuwa ƙofar ɗan Nomau da kaza a hammata. Sai ya fito ya ce musu sannu, ya yi musu addu'a in sun yarda, ya nuna musu hanyar asibitin Yelwa. Wasu su tafi suna zagi, wasu suna kuka. Shi kuma ya koma ciki yana jin ya ci jarrabawa.

Ranar da abin ya zo gidansa, damina ce ta yi nisa, a shekarun nan da man fetur ya yi ɓatan dabo. Rahila na dawowa daga kasuwar Wara a bayan babur, da kwandon busasshen kifin da bai ƙare ba, taya ta zame a laka. Maƙwabcinsu Sulaiman, mai jirgin fito, shi da wasu suka ɗauko ta. Suka shimfiɗe ta a rumfa. Ƙwaurin hagu ya karkace, amma fata ba ta fashe ba.

Bitrus ya durƙusa. Idonsa ya riga ya karanta karayar tun kafin gwiwarsa ta taɓa ƙasa, yatsunsa har motsi suke yi. Sai ya cusa hannuwan a hammata ya matse.

"Baban Yasira," in ji Rahila, "hannunka ya san abin ga. Taɓa ni."

"Na yi alkawari, Rahila."

"Ba kaza ni ce ka karya ba. Ƙahwata ni ce ka gyara."

"Duk tafiyarsu ɗaya. In na taɓa, na koma inda na hito."

Sulaiman ya kasa haƙuri. Ya ce, "Haba Bitrus! Matarka ta fa. To in kai ba ka yi, akwai maɗori ƙetaren ruwa, in tuƙa da hannu in ɗauko shi."

"Shi ma da kaza shike yi. Kaza ba ta karyewa gidan ga."

Ya kafe kai da fata. Ya ce asibiti za a je, kuma da gaske yake nufi. Amma ruwa ya yanke hanyar mota, injin Sulaiman ba ko ɗigon mai, tafkin kuma ya cika yana tumbatsa, ba wanda zai sa mai karaya a ƙaramin kwalekwale har Yelwa. Aka ce gobe, gobe ta zama jibi. Bitrus ya yi azumi, ya yi addu'a har muryarsa ta dushe, 'yarsu Yasira na yi wa uwar fifita. Ƙafa kuwa tana nan a karkace bisa tsumma, ƙashi na ta aikinsa, don shi ƙashi ba ya jiran kowa. Ko da hanya ta buɗe aka kai ta, makonni sun shige. Likita ya duba ya ce ya riga ya kama a haka, sai dai a sake karyawa a babban asibiti mai nisa, kuma ko an yi ba tabbas. Rahila ta ce a mai da ta gida, ta sha wuya ta ishe ta.

Ta warke, ta tashi da sanda, daga baya ta yar da sandar ta koyi ɗingishi. Ba ta kai ƙararsa wurin dattawan coci ba, ba ta yi yaji ba, ko gori ba ta taɓa yi masa ba. Ta dai daina shiga fili. Ranar Lahadi sai ta zauna a benci ta rungumi tulu tana bugawa, wasu na rawar da ta koya musu. Da zarar an soma, sai Bitrus ya tuna yana da abin dubawa a waje. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya riƙa gaya wa kansa cewa gwaji ne, kuma in Almasihu ya zo guragu za su yi tsalle, to me ya rage? Maganar gaskiya ce, amma ba ta taɓa sa shi barci mai daɗi ba.

Shekaru suka tura. Aka yi ta raɗe-raɗin cewa duniya ba za ta haye shekara ta dubu biyu ba, ta haye abinta, albasa ma ta yi kyau a shekarar. Bitrus bai girgiza ba, ya ce dama ba wanda aka gaya wa ranar. A cikin ranin nan ne jirgi ya matse hannun Sulaiman da gaɓa, ƙashin damtse ya karye. Ya hana a kai shi gidan Bitrus, ya ce ya san amsar. Rahila ce ta aika aka kawo shi.

Bitrus na zaune yana gyaran kwando sai ya ga ta fito daga ɗaki tana jan ƙafa. Ta dire masa saƙaƙƙun karare da kaskon man kaɗe da tsumma mai tsabta. Ashe ta daɗe da shirya su.

"Mi ke nan?" in ji shi.

"Aikinka."

"Rahila, kin san..."

"Na sani. Ni ma ina jiran Shi, ba kai ɗai ba." Ta nemi turmi ta zauna, don tsayuwa na ba ta wuya. "Kullum muna jin labarin bawan nan da maigidansa ya ba amana zai yi tahiya, shi ko ya haƙa rami ya turbuɗe, wai kar ta ɓaci. Kai ka iya karatu, ka san abin da anka ce mishi. To in Ya zo yau, mi za ka nuna? Hannu mai tsabta, ko? Ka nuna. Ni kuma in nuna Mishi ƙahwata."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da ya sami abin yin fushi. Ya dubi Sulaiman, mutumin da ya ɗauko masa mata daga laka, yana ta cije leɓe gumi na zuba. Bitrus ya tashi ya wanke hannu. Ya ce, "Da sunan Yesu zan taɓa ka, ka yarda?" Sulaiman ya ce, "Kai dai taɓa, ni ma ina kiran Allah nan." Yatsun suka bi damtsen, ba abin da suka manta. Ya ja, ya mayar, ya ɗaure. Ba kaza, ba giya, ba surkulle.

Hannu ya kama sumul. Kafin ruwa ya sauka Sulaiman ya koma jan igiyar injinsa. Tunga ta yi murna, Bitrus kuwa tun da yake bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar da ya kwance kararen nan ba. Da hannun ya ƙi kamawa, da ya ce to, ai dama kaza ce. Yanzu ba sauran inda zai ɓuya.

Ya hau mota ya je Yelwa wurin Malam Philip, wanda ya tsufa ya koma wajen 'ya'yansa. Ya kwashe labari ya gaya masa. Tsohon ya riƙe baki ya ce, "Bitrus, tsafi ni ce ka bari. Wa ya ce ka bar hannu? Nomau ya halicci yatsun ga? Don mi ba ka tambaye ni ba?" Tambaya ce 'yar ƙarama, wadda ya kamata Bitrus ya yi tun ran da ya dawo daga tsakiyar ruwa.

Daga nan ya buɗe ƙofa. Musulmi, Kirista, masu gargajiya, Fulanin daji, duk wanda aka kawo ya taɓa. Wanda ya zo da kaza ya ce a kai wa Rahila ta yi wa mai jinya romo. Karayar da ta fasa fata ko ta fi ƙarfinsa ba ya wasa da ita, asibiti yake turawa a ranar. Ya zaunar da Yasira ya koya mata, duk da masu cewa ɗori ba na mata ba ne, ya ce ya binne amana sau ɗaya, ba ya ƙarawa. Har yanzu in hadari ya haɗo daga gabas yakan ɗaga kai, sai dai ba ya ajiye abin da ke hannunsa. Amma duk wanda ya fita gidan da ƙafa miƙaƙƙiya, Bitrus ba ya raka shi da ido. Matarsa da ta kawo wa mutumin ruwan sallama yake kallo tana komawa madafa.

Wata rana da hantsi, ba majinyaci ko ɗaya, suna zaune a gindin gawo tana tsince wake. Sai ta ajiye faifan, ta miƙe ƙafar hagu ta ɗora a cinyarsa. Tun ranar da aka shimfiɗe ta a rumfa bai taɓa sa hannu a wurin ba, ita ma ba ta sake nema ba.

"Duba min," ta ce.

Ya sa yatsu ya bi ƙwaurin a hankali, daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya iske ƙullin inda ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa ya daskare. Karaya ce guda, a gicciye, ba ta farfashe ba. Irinta ya gyara ba adadi, wasu ma kafin ruwan zafi ya huce.

"Mai wuya ce?" in ji Rahila.

Ya so ya yi mata ƙarya. Bai taɓa yi ba, kuma ya san za ta gane.

"Mai sauƙi ce," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Ba ta janye ƙafar ba, shi ma bai ɗauke hannun ba, hawaye na sauka a kan yatsun.