Lambun Baba Sai-Dare

Ku da kuka san kakana Malam Haruna ba sai na gaya muku inda ya samo laƙabinsa ba, amma bari in maimaita saboda yaran da suka taso daga baya. Mutumin nan yana da lambu a bayan gida, cikin danga, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma goma sha biyu ba. Duk wanda ya ce, "Baba, a nuna mana lambun nan da ake ta zance mana," amsa ɗaya ce, ko ɗaga kai ba ya yi: "Sai dare." Dagaci ya zo da hantsi, sai dare. Malamin gona ya taso tun daga Tsanyawa a babur, da littafinsa a hammata, sai dare. Har ta kai in yara suka hango shi a hanyar masallaci sai su haɗa baki, "Baba, yaushe?" Shi kuma ya ɗaga sanda ya ce, "Sai dare, ja'irai," yana dariya har haƙorin nan nasa guda ɗaya na sama ya fito.

Ni ce Rabi, jikarsa, wadda yake kira Amarya, kuma a ɗakin kakata Inna Hure na tashi, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Tsakani da Allah, in ka leƙa lambun da rana sai ka ce tsohon nan ya zautu. Ga lalle ya yi cunkus ba a tsinka, ga duma ya hau danga furensa a yamutse, ga zogale, ga ɗaɗɗoya, ga wata tsohuwar randa mai fasasshen baki an binne ta a ƙasa an cika ta da ruwa. Sai fararen duwatsu da ya yi shekaru yana tsintowa a aljihu duk sanda ya je bakin kogin Watari, ya jera su biyu-biyu suka zama hanya. Abin da za a kai baki a wurin bai cika ƙwarya ba, in ka cire ganyen zogale.

Kun kuma san garinmu. Gona a kan gona take, wurin da akuya za ta kwanta ma an cusa masa wake. Bayan gida kuwa shi ne ya fi ko'ina shan taki, don nan ake zuba na turke. Shi ya sa babban ɗansa, Baffa Sabo, duk shekara da an fara sharar gona sai ya zo ya tsuguna.

"Baba, wurin nan fa in aka sa masa masara, sai mun yi wata biyu ba mu taɓa rumbu ba."

"Ka zo ka gan shi tukuna."

"Ga shi ina gani."

"Wannan ba shi ba ne. Sai dare."

Baffa Sabo kuwa tun da ya yi gemu bai sake taka wurin da dare ba. Ya ce shi mai baki goma sha ɗaya a gida ba shi da lokacin shinshinar fure. Kuma kar ku ga laifinsa, gonarsa kaɗan ce, da gaske yake buƙatar wurin.

Bari in fara da gwanda. Kowa ya san in gwanda ta girma aka ga namiji ne, mai fure zalla babu 'ya'ya, sare shi ake yi a huta. To Baba da ya ji labarin maƙwabcinmu Malam Isyaku ya wasa gatari zai sare nasa, ko karin kumallo bai ƙarasa ba ya ja jaki ya tafi. Ya ce a bar masa, zai haƙe shi da saiwarsa ya kai gida.

Malam Isyaku ya ce, "Malam Haruna, namiji ne fa. Ba ya haihuwa."

"Isyaku, 'ya'yanka nawa?"

"Tara, alhamdu lillahi."

"A cikinsu nawa ka haifa da kanka?"

Baba bai jira amsa ba.

"To ka ga an ɗauko maka gatari?"

Haka aka ratsa gari da itacen gwanda a kan jaki, ganye na jan ƙasa, Baba na biye yana yi wa jakin faɗa kada ya girgiza masa baƙo. Mu dai kunya ta hana mu fitowa ranar. Amma da ya kama ya yi fure, wallahi in iskar bayan magariba ta kaɗo, har zaure ake jin ƙamshinsa. Malam Isyaku da kansa ya riƙa jawo tabarmarsa jikin dangarmu yana cewa wai nan ya fi iska.

Ruwa kuwa, Baba bai taɓa yarda ɗigon alwalarsa ya zuba a banza ba. Alwalar asuba a gindin lalle yake yi, ta azahar ta gwanda ce, la'asar zogale, magariba ɗaɗɗoya, isha'i duma. Kowa da sallarsa, ba mai shiga rabon wani. To da an shiga bazara, ƙasa ta fara tsagewa, sai ka ga alwala ta yawaita karye wa Baba. Ya ɗauki buta, ya dawo, jim kaɗan ya sake ɗauka.

Inna ta ce, "Malam, yanzu fa ka yi."

"Kokwanto nake yi, Hure."

"Ikon Allah. Ni dai ban taɓa ganin kokwanton da ke warkewa da saukar damina ba sai naka."

Nawa laifin kuma ga shi. Da na gama karatu a Bici na fara koyarwa, albashina na farko na ce bari in burge angona. Na sayo fitilar sola mai haske kamar rana, na sa aka ɗaure ta a jikin darbejiyar da ke gefen lambun, ban gaya masa ba. Da aka yi isha'i ya shigo, ya tsaya, ya kare ido da hannu.

"Amarya, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba. Haske na kawo maka."

"Wata na aikinsa tun zamanin Annabi Adamu, bai taɓa neman ko sisi ba. Ke kin zo ki kore shi daga aiki."

Sai a lokacin na lura. Duwatsun nan da kan yi fari tas a farin wata sun koma tsakuwar banza, furen duma ya dushe, ƙwari sun taru sun yi dandazo. Na ji haushi har na yi ƙwalla. Shi kuma don kada in ce ya raina kyautata, bai mayar mini ba, sai ya kwance ta ya rataye a akurkin kaji. Kwana uku kaji ba su runtsa ba. Zakara ya riƙa cara ba kan gado, har ladan ya tashi kiran assalatu ya duba agogo ya koma. Rana ta huɗu Baba ya miƙo mini ita a nannaɗe cikin tsumma.

"Kin gani ko? Ko kaji ba su iya da ita ba. Kai wa ɗalibanki, su ne masu karatun dare."

Sai maganar rago. Akwai shekarar da Baba ya shuka zaƙami saboda farin furensa mai kama da kakaki, wanda ba ya sakin ƙamshi sai rana ta faɗi. Ana saura mako biyu Babbar Sallah, ragon layyar Baffa Sabo ya tsinke ya faɗa lambun. Baffa ya ce tsinkewa ya yi. Ni dai na ga igiyar, kuma ban taɓa ganin igiyar da ta tsinke ta bar ƙulli a kwance ba. Rago ya bar zogale, ya bar ɗaɗɗoya, ya je ya tsinki zaƙami. Kafin la'asar sai ga shi a tsakar gida yana tangaɗi, ya durƙusa wa turmi, ya tashi ya tunkuyi inuwarsa, ya koma ya zuba wa Inna ido kamar zai yi magana. Baffa Sabo hankali a tashe, ana ta ɗura wa rago madara da kanwa. Baba na zaune a kan buzu yana jan carbi.

"Sabo, ragon nan ya fi ka adalci. Shi sai da ya shiga ya ɗanɗana kafin ya yanke hukunci."

Rago ya warke aka yi layya da shi lafiya. Amma washegarin tangaɗin, da sassafe, na tarar Baba ya tumɓuke zaƙamin nan kaf yana ƙonawa. Na ce, "Baba, furen da ka fi so?" Ya ce, "Yau rago ne, gobe jikana ne. Abin da zai cuci yaro ba ya kwana a lambuna." Taurin kansa yana da iyaka, sai dai shi kaɗai ya san inda ya kafa ta.

Bara cikin sanyi Allah ya karɓi abinsa, bayan kwana huɗu yana zazzaɓi. Da aka zauna rabon gado, bayan gida ya faɗo a kason Baffa Sabo. Kowa ya san abin da zai biyo baya, ba kuma wanda yake da bakin hana shi, don halalinsa ne. Ni kam na yi kukana na share hawaye. Na riƙa yin alwala a gindin lalle ina ce masa ya yi haƙuri.

Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa ta gabas, sai ga Baffa da hantsi, da gatari a kafaɗa, da 'yan ƙwadago biyu a zaure. Inna tana cikin takaba a lokacin, ba ta fita ko ƙofar gida. Ya durƙusa a bakin ɗakinta ya gaishe ta, ya ce zai shiga bayan gida ya gyara kafin ruwa ya sauka. Daga bayan labule muka ji muryarta, a hankali:

"Sai dare."

Baffa ya sauke gatarin daga kafaɗa. Uwa ce, ya zai yi? Ya jingine gatarin a jikin danga ya sallami mutanensa.

Bayan isha'i ya dawo, fuska a ɗaure, da tocila a hannu. Inna ta ce ya kashe. Na miƙa hannu zan riƙe ta, don kun san idonta ya yi rauni, ta ture ni. Wata ya kwana goma sha uku ranar. Ta sa ƙafa tsakanin fararen duwatsun nan ta tafi tiryan-tiryan kamar da rana. Zanenta ya shafi ɗaɗɗoya ƙamshi ya tashi, ta ce, "Nan ake juyawa." Muka juya. Furen duma da ke yamutse da rana duk ya buɗe a jikin danga, fari fat. Ga lalle, ga gwandar Malam Isyaku, ga darbejiya ta yi fure, iska na kawo su ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a dakalin da ke gaban randa, ta nuna wa Baffa gefenta.

"Sabo, ka san me ya sa ubanka ya yi wannan haukan?"

"A'a, Inna."

"Gidanmu masu lambu ne a fadama, cikin ganye na tashi. Da aka kawo ni nan, ka san yadda ake yi, mace ba ta fita sai dare in za ta unguwa. Kullum ya dawo yana ba ni labari, gero ya yi kyau, wake ya yi fure, ni ban taɓa gani ba. In na fita duhu ya rufe komai. Ran nan, ina goye da ƙanwarka, na ce masa, 'Malam, duk abin da kake shukawa na masu rana ne. Ni da dare ne nawa fa?' Wasa nake yi, Allah ya sani. Da gari ya waye na ji sara a bayan gida, na leƙa, ya tumɓuke kuɓewarsa kaf."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen mayafi.

"Shekara arba'in da wani abu bai taɓa cewa don ni ya yi ba. Ni ma ban taɓa cewa na sani ba. Yanzu wurin naka ne, ga yara, ga bakin ci. Ka sa masararka, ban hana ka ba. So nake kawai ka san abin da za ka sare."

Baffa ya daɗe yana kallon randar nan. Ni ina tsaye a baya. Can sai ya miƙe ya nufi inda ya jingine gatari, na ce shi ke nan, ko safiya ba zai jira ba. Ya ɗauko, ya tsaya a gindin darbejiya yana kallon sama.

"Rabi, wancan reshen ne ya tare wata, shi ya sa bai faɗo cikin randar ba. Baba ya kwana biyu bai iya hawa ba. Riƙe mini hula."

Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya ya ɗare bishiya cikin dare. Da reshen ya faɗo, sai ga wata cur a cikin ruwan randa. Inna ta sunkuya ta ce, "Yauwa. Nan yake zama."

Masara dai an shuka ta a wani wurin, 'yan'uwa suka sakar wa Baffa kunya shida a gonar gabas ba tare da ya roƙa ba. Watan jiya kuma an gan shi a hanyar Tsanyawa da namijin gwanda ɗaure a bayan babur, ganye na jan ƙasa. Da 'yan majalisa suka tare shi suka ce, "Sabo, yaushe za a nuna mana lambun?" kun san abin da ya ce musu.

Baba, ga lambunka nan ana ba shi ruwan alwala sau biyar, har da na kokwanto. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka da hasken da ba ya damun ido. Allah ya ba ka lambu a Aljanna, ya sa ka jera wa Inna fararen duwatsu har bakin ƙofa, can inda ba sai ta jira dare ba. Amin.