Hamamatu Mai Waakye da Salgar da Ba Ta Wari

Duk wanda ya taɓa bi ta layin masu goro a Zongon Kumasi da hantsi ya san Hamamatu mai waakye, shinkafa da waken nan na Ghana, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai babbar murya, wadda take zuba maka shito, soyayyen yajin nan baƙi, tana ba ka labarin da ba ka tambaya ba. Kakanta ya zo daga Madawa ta ƙasar Nijar da fataucin albasa, ya ga wuri ya zauna. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, bayan rasuwar mijinta kuma ta koma gidan hayar da ta tashi a ciki, ita da mahaifiyarta, Mma Rakiatu.

Gidan babba ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, amma babu salga. Mai buƙata sai ya ɗauki buta ya tsallake gota, wato kwatar bakin titi, ya je ya shiga layi a bayan gidan jama'a. Da gwiwoyin Mma suka yi nauyi, tafiyar nan ta gagare ta. Hamamatu ta sayo mata fo irin na yara, tsohuwa ta ƙi shi don kunya. Sai ta fara rage cin abinci don kada buƙatar fita ta yawaita. A gidan mai waakye, uwa tana ramewa.

Ana cikin haka wata mai saye, Adwoa, Ba'ashantiya mai aiki a wani ƙauye kusa da tafkin Bosomtwi, ta ce za su yi baƙi masu koyon gini da noma, suna neman mai dafa musu abinci. Hamamatu ta bar Mma hannun maƙwabta, ta ɗora tukwanenta a trotro, ƙaramar motar haya.

Abin da ta gani can bai bar bakinta ya huta ba har yau. Ɗakuna na jar ƙasa, sumul, ka shiga da tsakar rana ka ji sanyi kamar cikin randa. Ruwan sama na gangarowa daga rufi zuwa tanki. Ruwan wanke-wankenta ma ba a zubar da shi a banza, yana bin ƙaramar kwata zuwa wani rami da borde, ayabar nan ta suya, ta kewaye shi. Masara, wake, kabewa da rogo duk a wuri guda, kaji suna tono a ƙarƙashinsu.

Sai ta nemi bayan gida. Adwoa ta nuna mata wani ɗan ɗaki a kan tudu. Hamamatu ta ja mayafi ta toshe hanci kamar yadda ta saba, ta shiga. Ta tarar da wurin zama na katako, da bokiti cike da garin katako, da moɗa a ciki. Ta saki hancin kaɗan. Ta sake shi gaba ɗaya. Ƙamshin shagon kafinta kawai take ji.

Ta fito da gudu. "Adwoa! Ina kuka kai warin?"

Adwoa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Maame, in kin gama ki zuba garin katako ki rufe, shi ke nan. Fitsari yana bin hanyarsa daban. In rami ya cika mu toshe shi mu koma na kusa da shi. Kafin shekara ta zagayo ya zama ƙasa."

"Ƙasa? Wace irin ƙasa?"

Adwoa ta ja ta gindin wani lemo, ta ɗebo baƙar ƙasa mai laushi ta zuba mata a tafin hannu. Hamamatu ta shinshina, ta yi salati da ƙarfi har baƙin da ke cin abinci suka waiwayo.

Ranar da ta dawo Kumasi ba ta wuce gida ba. Da tukwanenta da komai ta sauka Anloga, inda ƙanenta Shakiru yake aikin kafinta. Ta same shi tsaye kusa da tulin garin katako da ya fi shi tsawo, ana shirin cinna masa wuta.

"Kada ku ƙona! Shakiru, wallahi dukiya kuke ƙonawa!"

"Yaya, lafiya? Rana ce ta buge ki a mota?"

Ta tsuguna ta zana masa ɗakin a ƙasa da tsinke, rami biyu, wurin zama, bututun iska. Ya daɗe yana kallo. Da ta ce saboda Mma ne, sai ya cire fensir daga bayan kunne ya gyara mata zanen.

Saura mai gida. Malam Abdul-Wadud dattijo ne mai sanyin magana, shi yake jan salla a zauren gidan. Bayan gidan akwai wani kango da ake zubar da shara, shi Hamamatu ta roƙa. Malam ya saurare ta har ta gaji, sannan ya ce, "'Yata, mutanen can ba da ruwa suke tsarki ba. Mu fa? Kin ce ramin ba ya son ruwa. Ina za mu kai buta?"

Hamamatu ba ta taɓa tunanin wannan ba. Ta wuni tana sayar da waakye hankalinta yana wani wuri, mai neman taliya ta zuba masa garin rogo. Da la'asar tana wanke tukunya, ta ga ruwan yana gangarawa, sai ramin borden can ya faɗo mata. Ta ruga zaure da kumfa a hannu.

"Baba Malam, na samu! Wurin tsarki daban a gefe, da 'yar kwatarsa. Ruwan ya bi ƙarƙashin ƙasa ya tafi gindin borde."

Malam ya yi murmushi. "To, a gwada. Amma kada ya fuskanci alƙibla."

Aka kwashe shara. Aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta kawo jar ƙasa daga wajen Kwadaso, inda ake haƙa harsashin wani gida. Matan gidan, waɗanda da farko suka ce Hamamatu ta haukace, suka ɗaure zane suka shiga kwaɓa da ƙafa, ana waƙa ana guɗa kamar gidan suna. Shakiru ya kafa allunan katako, ana zuba ƙasa a tsakani ana kirɓawa da taɓarya, bango yana tashi. Maimakon matakala suka yi gangare mai sauƙi, da gora a gefe don Mma ta riƙa dafawa. Shakiru ya kafa wurin zama, Malam ya leƙo ya ga ya dubi gabas sak, aka cire aka juya shi ana dariya.

Mma Rakiatu ce ta fara shiga. Ta hau gangaren a hankali, ta rufe ƙofa. Can ta fito. Ta dubi 'yarta ta ce, "Akwai sauran waakye? A sa mini ƙwai."

Ba a daɗe ba wari ya tashi, ƙudaje suka cika wurin. Ashe wasu 'yan haya suna juye buta cikin ramin. Hamamatu ta zuba toka da garin katako buhu guda, sannan ta ɗauko kujera ta zauna bakin gangaren da safe. Duk wanda ya zo, babba ko yaro, sai ta yi masa bayani da Hausa, in bai ji ba ta juya Twi, yaren Ashanti. Kunya ta sa kowa ya koya da wuri.

Sai magana ta fita gari cewa da takin salga take noma ganyen waakye, ganyen dawar nan da ake dafawa da shi don ya yi ja. Layin masu saye ya ragu, har wani tsohon mai sayenta ya riƙa tsallake titi in ya hango ta. Abin ya yi mata ciwo, domin ganyen daga kasuwa take sayensa kamar kowa. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta jira har rami na farko ya cika, aka toshe shi, damina ta wuce, wata daminar ta kama. Sannan ta bi layi tana gayyata: "Ranar Lahadi za a buɗe. Kowa ya zo da hancinsa."

Mutane suka cika kangon, wasu a kan katanga. Shakiru ya ɓalle murfin bayan ramin, kowa ya ja da baya. Hamamatu ta sa shebur ta ɗebo. Baƙar ƙasa ce, busasshiya, mai warwatsewa. Malam Abdul-Wadud ya matso ya duba da kyau, ya ce malamai sun yi magana a kan najasar da ta rikiɗe ta zama ƙasa, amma duk da haka a kai ta gindin itatuwa, kada a sa wa ganyen miya. Hamamatu ta ce daman haka aka koya mata. A gaban kowa aka zuba wa zogale da lemo da gwanda da ta dasa a kangon. Wata mata daga Oforikrom ta riƙe mata mayafi ta ce ba za ta tafi ba sai an sa ranar zuwa gidansu.

Masu saye sun dawo, har da mai tsallake titi. Yanzu gida uku a unguwar suna da irin ɗakin, Shakiru kuma ya daina ƙona garin katako, buhu-buhu ake zuwa ɗauka. Hamamatu ta rushe rumfar kwanon da take dafa waakye a ciki, tana gina madafa ta jar ƙasa mai tagogi sama don hayaƙi. Maginin da ta ɗauko ya ce ruwan Kumasi zai cinye bangon, ita kuma ta ce a faɗaɗa rufi ya zarce bango kamar malafa. Makon jiya hadari ya haɗu suna tsakiyar gardamar, ta bar shi tsaye ta haye tsani da leda a kafaɗa don ta rufe bangon, tana kiran matan gida su miƙo mata duwatsun dannewa.